Mene ne Siffantawa a Ƙagaggen Labari?

Siffantawa ita ce zana mutum, wuri ko yanayi da kalmomi har mai karatu ya gani a zuci, ya ji ƙara, ya shaƙi ƙamshi. Sai dai kowane irin labari da tasa siffantawar, kuma a nan ne yawancin masu sakin labari a WhatsApp da Wattpad ke tuntuɓe.

Mu ɗauki wuri guda: bakin kogin Matan Fada a Argungu, ranar bikin kamun kifi.

A labarin soyayya, idon masoyi ake arowa. Shi bai ga dubban masunta ba, lallen yatsun masoyiyarsa ya gani lokacin da take gyara mayafi. Abu biyu ko uku sun wadatar. Inda ake ɓata aiki shi ne a jero "fara, doguwa, mai dara-daran idanu, hanci har baka" tun daga gashi har dunduniya a shafin farko. Kowace tauraruwa haka take, shi ya sa ba ta zama a ran kowa. A rarraba siffar cikin babi biyu ko uku, kowace a liƙa ta da wani motsi: murmushin da ya fito da wushirya, tafiyar da ta sa awarwaro ƙara.

Labarin jarumta gudu yake so. Gajerun jimloli, aikatau da amsa-kama (kalma mai kwaikwayon ƙara ko yanayin aiki, irin su tsundum): ya faɗa ruwa tsundum, gora ta juye, homa (ragar kamun kifi) ta yi nauyi. Wanda ya tsaya bayanin launin riga ana tsakiyar kokawa da giwan ruwa ya kashe wutar da ya hura.

Na ban tsoro kuwa kunne da hanci ne jarinsa. Taro ya watse, dare ya tsala, ga sautin kalangu daga tsakiyar ruwa. Kada a nuna aljanin duka. Sawun kofato a laka ya fi shafi guda na bayanin haƙora razanarwa.

A labarin bincike, a ɓoye shaida cikin abubuwa uku ko huɗu na yau da kullum, kamar busasshiyar homa a hannun wanda ya ce ya shiga ruwa, sannan dole a dawo kanta kafin ƙarshe.

Mai labarin tarihi ya tantance kayan zamanin. In Surame ce, birnin Kanta sarkin Kabi, a ƙarni na 16, ganuwar dutse da dawakai za a gani, ba rufin kwano da kuɗin takarda ba.