Yaya ake koyar da injiniyan noma? Tambayoyi da amsoshi

Duk shekara idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, sai na ji ɗalibai da iyayensu suna muhawara a kan kwas ɗin injiniyancin noma. Wasu na ganin koyon tuƙa tarakta ne kawai, wasu kuma na cewa noma ne aka yi wa kwaskwarima. Ga tambayoyin da aka fi yi mini kan yadda ake koyar da shi.

Wai karatun noma ne ko na injiniya?

Na injiniya ne. A jami'o'in Najeriya shekara biyar ake yi, kuma hukumar COREN ce ke yi wa wanda ya gama rajista, kamar sauran injiniyoyi. Shekaru biyun farko tare ake zama da 'yan kanikanci da 'yan gine-gine, ana fama da lissafi da zane. Daga aji uku hanya ke rabuwa, a shiga injinan gona, ban ruwa, sarrafa amfanin gona da gina rumbuna.

Bambancin yana cikin abin da ake aiki da shi. Ƙarfe ba ya numfashi, amma ƙwayar masara tana numfashi a cikin buhu, tana fitar da zafi, tana ruɓewa idan an yi sake. Saboda haka ne ƙungiyar injiniyoyin noma ta Amurka, wadda aka kafa a 1907, ta ƙara batun halittu masu rai a sunanta a 2005, kuma sassa da dama a nan gida suka sauya suna.

Me ya sa ake cewa lacca kaɗai ba ta isa ba?

A ɗauki injin sussukar dawa. A allo malam zai nuna yadda ake lissafa gudun gangar da ke bugun zangarniya, da girman fulin da zai ba da wannan gudun. Ɗalibi zai haddace, ya ci jarrabawa. Ranar da aka tayar da injin a gabansa, sai ya tara hannu a bakin mafita ya ga rabin dawar ta fito a farfashe, kamar an yi tsaki. Ya rage gudu, sai zangarniya ta fito da sauran ƙwaya a jikinta. Ya samu daidai, washegari a kawo dawar da ba ta gama bushewa ba, komai ya sake rikicewa.

A nan ne lissafin ke shiga kai. Malamin da ya san aikinsa ba ya gaggawar ba da amsa. Yakan ce, "To, me ka gani? Canza fulin mu gani." Ɗalibi ya ɗauki sifana, ya kwance, ya ɗaura bel, ya auna abin da ya fashe da abin da ya zube, ya rubuta. A ganina ma gara a fara da injin kafin allo, domin wanda ya ga dawa ta farfashe a hannunsa shi ke neman dalili da kansa.

Haka batun bushewa. Littafi ya ce a ajiye masara idan damshinta ya sauko kusan kashi 13 cikin ɗari. Manomi kuwa cizon ƙwayar yake yi, idan ta yi ƙaras ya ce ta bushe. Darasi mai kyau shi ne a sa ɗalibi ya ciza, sannan ya auna da na'ura, ya ga inda haƙori ke dacewa da inda yake yaudara.

Ina amfanin SIWES?

Shiri ne da hukumar ITF, mai kula da horar da ma'aikatan masana'antu, ta fara a farkon shekarun 1970 don ɗalibai su taɓa aiki na gaske kafin su gama. Ɗan injiniya yakan yi wata shida a waje a aji huɗu. Wanda ya dace ya samu wuri kamar NCAM, cibiyar injinan noma ta ƙasa da ke Ilorin, ko filin noman rani na Kadawa da ke shan ruwan madatsar Tiga, yakan dawo ya zama wani mutum daban: ya ga yadda yashi ke cike magudana, ya ga rigimar rabon ruwa tsakanin na sama da na ƙasa, abin da ba ya cikin kowane lissafi.

Sai dai a faɗi gaskiya. Akwai masu ƙare wata shidan a ofis suna ɗaukar fayil, a ƙarshe su cike littafin rahoto a dare ɗaya. Idan malami bai je ya duba ba, shirin ya zama sa hannu kawai.

Injinan da ɗalibai ke ƙerawa a ajin ƙarshe, ina suke zuwa?

Da yawa suna bayan sashe suna tsatsa, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Ɗalibi ya kashe kuɗin iyayensa ya ƙera injin ɓare gyaɗa, ya samu maki, shi ke nan. Ba a tambayi mai ƙuli-ƙuli ko tana buƙatarsa ba, ba a tambayi mai walda ko zai iya ƙera irinsa da ƙarfen da ke kasuwa ba, balle a san ko za a samu boris ɗinsa idan ya lalace.

Gyaran shi ne a juya tsarin. Matsalar ta fito daga bakin mai ita, ɗalibai su yi aiki rukuni-rukuni, a sa maƙeri a ciki tun daga zane, sannan a mayar da injin ƙauye a gwada. Buhun PICS mai ruɓi uku misali ne da ya kamata a riƙa koyarwa. Masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu a arewacin Kamaru sun faro ne daga ƙwaron da ke cinye wake a ajiya. Maganin bai da inji bai da feshi: leda biyu a ciki, buhu a waje, a ɗaure tam, iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu. Ya karɓu a Nijar da Najeriya domin manomi na iya saya, ya kuma gane yadda yake aiki.

Kwamfuta fa?

Dole ce yanzu. Da ita ake zane, da ita ake lissafin ruwan da shuka ke buƙata da taswirar gona. Amma duk abin da ka zuba mata shi za ta mayar maka, don haka wanda bai taɓa auna yadda ruwa ke nutsewa a jigawa da fadama ba, ba zai gane ta yi kuskure ba.

Da Turanci ake koyarwa, manoma kuma Hausa suke ji. Yaya ke nan?

Samaru ta Zariya na da abin koyi a nan. Tashar binciken noma ta wurin ta girmi Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, da kusan shekara arba'in, kuma cibiyar NAERLS da ke can aikinta ke nan, kai sakamakon bincike ga manoma. Da ni ne mai tsara jarrabawa, da na ware maki na musamman: ɗalibi ya tsaya gaban manoma biyar ya bayyana musu injinsa da harshensu, ya amsa tambayoyinsu. Tambayar farko da za su yi masa sananniya ce: "Malam, nawa ne, kuma buhu nawa yake yi a wuni?"