Waiwaye: Ɓerayen Da Suka Gaji Hawan Jini

A gidajenmu, in aka ce tunani ne ya jawo wa wane hawan jini, ba mai musu. Su kuwa masana, sun kusa shekara 90 suna bin sawun hanyar da damuwa ke bi har ta kai ga jijiya, kuma ɓera ne ya sha yawancin wuyar wannan nema.

Da fari ƙoda aka ɗora wa laifi. A 1934 Harry Goldblatt ya matse jijiyar ƙodar karnuka a Amurka, sai jininsu ya hau. A 1936 kuma Hans Selye ya lura a Kanada cewa ko da me ya takura wa ɓeraye, sanyi ne, allura ce ko gajiya, abu ɗaya yake gani: ƙullin da ke saman ƙoda ya girma, ciki ya yi gyambo.

A 1963, Kozo Okamoto da Kyuzo Aoki na Jami'ar Kyoto suka samar da zuriyar ɓerayen da jininsu ke hawa da kansa, ta hanyar haɗa masu hawan jini barbara. Amma aikin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na Arkady Markel a Novosibirsk ta Rasha. Ana cusa ɓera cikin ɗan kejin waya mai siffar bututu, inda ko juyawa ba ya iyawa. Babu duka, babu yunwa, takura ce kawai ta rabin awa. Sai a auna jini ta wutsiya. Waɗanda nasu ya fi tashi su ake barin su hayayyafa, zuriya bayan zuriya, har aka samu ɓerayen da ake kira ISIAH, wato masu gadon hawan jinin da takura ke tayarwa.

Daga nan ido ya koma kan ƙwaƙwalwa. A 1981 Wylie Vale ya gano sinadarin CRH, wanda sashen ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamos ke fitarwa ya tayar da jiki in an shiga matsi. Ƙarshen shekarun 1980 aka fara amfani da ƙwayar gado (irin ƙwayoyin da ke ɗauke da abin da ake gada daga iyaye) mai suna c-Fos, wadda ke farkawa cikin mintuna a duk sashen ƙwaƙwalwar da ya kama aiki. Bayan an wallafa taswirar ƙwayoyin gadon ɓera a 2004, sannu a hankali aka kai ga duba dubban ƙwayoyin lokaci guda.

Abin da ya fito ya taɓa ni. Takura ba ta sake rubutun gadon ba, sai dai ta kunna wasu ƙwayoyin ta rage wa wasu ƙarfi. Kuma ɓerayen Novosibirsk, tun ba a sa su a keji ba, suna zaune lafiya lau, aikin ƙwayoyin gado da dama a haifotalamos ɗinsu ya riga ya sha bamban da na ɓerayen da jininsu ke daidai.