Na'urar nuna hanya a idon doka: abin da mai doguwar tafiya a keke zai duba kafin ya saya

Wanda ya ɗaura niyyar tashi daga Garwa ko Marwa a kan keke, ya tsallaka gadar Ngeli daga Kuseri zuwa Njamena, ko ya sa kekensa a jirgi domin ya zaga wata ƙasa mai nisa, yakan fara da tambayar kuɗin na'ura, da juriyar batirinta, da ko rubutunta na ganuwa a tsakar rana. Jami'in kan iyaka kuwa tambayarsa dabam ce: na'urar nan karɓar sigina kaɗai take yi, ko tana iya aika saƙo ta tauraron ɗan Adam? A kan wannan bambanci dokokin ƙasashe da yawa suka ginu, kuma saboda shi ake ƙwace kaya, a wasu wurare har a tsare mai su.

Na'urar da ake ɗaurawa a kan keke, da wayar hannu mai taswira, duk aikinsu ɗaya ne. Suna sauraron taurarin GPS na Amurka, ko Galileo na Tarayyar Turai, ko GLONASS na Rasha, ko BeiDou na Sin, su haɗa siginar taurari huɗu ko fiye, su lissafa inda mutum yake. Ba sa mayar da komai sama, shi ya sa yawancin ƙasashe ba sa neman lasisi a kansu. Kashi na biyu su ne masu aikawa: wayoyin Thuraya da Iridium, da ƙananan na'urori irin Garmin inReach, waɗanda ke tura saƙo ko kiran neman agaji daga inda babu sabis ko kaɗan. Saƙonsu ba ya bi ta eriyar MTN ko Orange ko Airtel ko Moov, kai tsaye yake tashi zuwa tauraro. Hukumomi na ƙin wannan saboda dalilai biyu: zangon rediyo a cikin ƙasa mallakar gwamnati ne, ita ke ba da izinin amfani da shi, sannan jami'an tsaro ba sa son sadarwar da ba za su iya bin sawunta ba.

Mu da ke zaune a yankin tafkin Chadi ba baƙi ba ne ga dalili na biyu. A 2013 sojojin Najeriya sun haramta wayoyin Thuraya a jihar Borno, bisa hujjar cewa 'yan Boko Haram na amfani da su. Game da Chadi, ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta daɗe tana gargaɗin matafiya cewa wayar tauraro haramtacciya ce, kuma wanda aka kama da ita na iya rasa ta, a kuma tsare shi. A Kamaru hukumar ART ce ke amincewa da kayan sadarwa, a Chadi kuma ARCEP, kuma a 2024 hukumar kwastan ta Kamaru ta ba da umarnin ƙwace kayan Starlink, masu kawo intanet ta tauraron ɗan Adam, da ake shigowa da su ba tare da izini ba. Saboda haka wanda zai bi hanyar Mora zuwa Kuseri, inda shingayen jandarmomi da sojoji suke da yawa, ya sani cewa na'urar da ya saya domin tsiransa tana iya zama abin da zai sa a zarge shi.

Ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi tsananta wannan doka a kan masu yawon buɗe ido ita ce Indiya. Dokarta ta 1933 kan na'urorin sadarwa marasa waya ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3 ga wanda ya mallaki na'urar aika saƙo ba tare da lasisi ba, kuma an ƙara matsa lamba bayan harin Mumbai na 2008, inda maharan suka yi amfani da wayar Thuraya. A ƙarshen 2024 da farkon 2025 an tsare baƙi a filayen jiragen sama na Goa da Delhi saboda na'urorin Garmin da aka gani a jakunkunansu. Abin lura a nan shi ne, jami'in da ke bincike ba lallai ne ya bambance mai karɓa da mai aikawa ba, domin kamfani ɗaya ke ƙera su, kamanninsu kuma na kusa. A ganina wannan kaɗai ya isa ya sa matafiyi ya riƙe takardar bayanin na'urarsa da rasidin saye, a buge a takarda, cikin Faransanci ko Turanci.

Ita kuwa Sin, matsalarta ta taswira ce. Dokarta ta safiyo ta hana baƙo auna ƙasa ko tattara bayanan wurare ba tare da izinin hukuma ba, kuma taswirorin da ake wallafawa a can an karkatar da lambobinsu da gangan, ta yadda alamar mutum kan faɗa gefen titin da yake kai. Bin hanya ba laifi ba ne, amma sa alama a kan gadoji da barikoki da tashoshin wuta abu ne da mai hankali zai guje wa, a Sin ko a nan gida.

Sai batun batiri, wanda ke ƙarƙashin ƙa'idar jiragen sama ta duniya. Batirin ajiya na caji ba ya shiga babbar jakar da ake aunawa, a jakar hannu ake riƙe shi. Wanda bai wuce 100 Wh ba (Wh shi ne ma'aunin yawan wutar da batiri ke ajiyewa) yana wucewa ba tare da neman izini ba, daga nan zuwa 160 Wh sai da amincewar kamfanin jirgi, abin da ya haura haka kuma ba a ɗaukarsa. Batiri mai 20,000 mAh bai wuce kimanin 74 Wh ba, don haka yana cikin iyaka, muddin lambar na rubuce a jikinsa ba ta goge ba.

Ga mai tafiyar da za ta ratsa ƙasashe da yawa, zaɓin da ya fi kwanciyar hankali shi ne na'ura mai karɓa kaɗai, ko waya da aka sauke mata taswirar OsmAnd ko Organic Maps tun daga gida, tunda suna aiki ba intanet, tare da taswirar takarda don ranar da caji ya ƙare. Na san amfanin maɓallin neman agaji ga wanda zai yi kwanaki shi kaɗai a daji, kuma ban raina shi ba. Wanda ya ga ba zai iya tafiya ba tare da shi ba, ya rubuta wa ofishin jakadancin kowace ƙasa da ke kan hanyarsa, ko hukumar sadarwarta, ya ambaci sunan na'urar da lambarta, ya nemi amsa a rubuce. Kashe na'ura a cusa ta ƙasan jaka ba kariya ba ce, domin a ƙasa irin Indiya mallakarta ce laifin, ko da ba a taɓa kunna ta ba. Idan izinin ya samu, a nuna na'urar tare da takardar ga jami'an kwastan tun a bakin shiga, kafin su buɗe jaka. Idan bai samu ba, a bar ta a gida ko a canza hanya.