Lasisin fayawol da yadda ake bibiyarsa

Fayawol na'ura ce da ake ajiyewa a bakin ƙofar netwok, tsakanin intanet da kwamfutocin cikin gida, duk abinda zai shiga ko zai fita sai ya bi ta kanta kamar dai maigadi a bakin get. Lasisinta kuma shine izinin da kamfanin da ya ƙera ta yake bayarwa na wani lokaci, yawanci shekara 1 ko 3 ko 5, kuma galibi a ɗaure yake da sariyal namba ta na'urar. Da yawa a nan Gombe, a ofisoshi da makarantu da asibitoci da cibiyoyin jarrabawar kwamfuta, ana ɗauka in an sayi akwatin shikenan an gama, alhali akwatin ne kawai naka, bayanan da take karɓa kullum kan sabbin bairos da sabbin hanyoyin kutse haya ne, kuma hayar tana ƙarewa.

Abinda lasisin ya ƙunsa

Kowane kamfani da nashi tsari. Fortinet, kamfanin Amurka da aka kafa a 2000 mai yin fayawol ɗin FortiGate, ya raba abin gida biyu: FortiCare na taimakon injiniyoyinsu ne da sabon sofwaya da canjin na'ura in ta lalace, FortiGuard kuma shine na kariya, wato maganin bairos da gano kutse da tace shafuka. Palo Alto suna sayar da nasu ɗaya-ɗaya, Threat Prevention na tare hari daban, WildFire na binciken sabbin bairos daban, kowanne zai iya zama da ranar ƙarewarsa. Cisco suna da Smart Licensing, inda na'ura take rajista da asusun kamfani ta intanet, akwai kwana 90 na gwaji kafin rajistar.  Ita kuwa MikroTik da masu raba intanet suka fi so, lasisin sofwayarta RouterOS da ke zuwa da akwatinta baya ƙarewa, amma aikin da take yi ma ba irin na waɗancan bane.

In ya ƙare me ke faruwa

Nan ne matsalar take. A yawancin na'urorin ba abinda zaka gani. Ka shiga ɗakin saba, wato inda ake ajiye manyan kwamfutocin ofis, iyakwandishan na aiki, inbata na ƙara, fitilun gaban akwatin duk kore suna ƙyaftawa, ma'aikata suna ta buɗe imel da WhatsApp ba mai ƙorafi. Dokokin da aka rubuta na wa zai shiga wa zai fita suna nan suna aiki, abinda ya tsaya shine sabuntawa, kaga maigadin yana nan a get amma hotunan ɓarayin da ke hannunsa na bara ne, wanda ya fito bana zai wuce ta gabansa har su gaisa. Ana iya yin wata shida a haka ba wanda ya sani.

Wasu kuma basa yin shiru. A FortiGate in lasisin tace shafuka ya ƙare, na'urar ta kasa tambayar matsayin shafi, sai ta dinga toshewa sai dai in an riga an saita ta bari a wuce, da safe kawai aji ana cewa netwok ya ɗauke a fara kiran masu bada sabis alhali ba laifinsu bane. Cisco Meraki ta fi tsanani, a tsarinsu na haɗa lasisi wuri ɗaya ana bada kwana 30 na uzuri, in ba'a biya ba na'urorin su daina wucewa da komai. A ganina wannan ma ya fi sauƙi, dan wanda ya yanke maka intanet dole ka tashi, mai shirun shine abin tsoro.

Yadda ake dubawa

A FortiGate shafin farko yana da akwatin Licenses, cikakken bayani kuma yana System sannan FortiGuard. Mai son rubuta umarni zai sa get system status, sannan diagnose autoupdate versions ya nuna masa kowane fanni da ranar ƙarewa da ranar da aka sabunta shi na ƙarshe. A Palo Alto ana shiga Device sannan Licenses, ko a rubuta request license info. Cisco show license status, na kamfanin Check Point kuma cplic print.

Amma ranaku biyu ake dubawa ba ɗaya ba, kuma nan ake yawan yin kuskure. Akwai ranar ƙarewar lasisi, akwai ranar da na'urar ta karɓi sabon bayani na ƙarshe. Lasisi zai iya kaiwa har baɗi amma rabonta da sabuntawa wata uku, saboda DNS ɗinta, wato abinda ke nemo mata adireshin saba a intanet, ba daidai ba, ko wani abu a gaba ya toshe mata hanyar zuwa sabar kamfani, ko agogonta ya rikice. Maganar agogo ba ƙarama bace a wajen da ake yawan ɗauke wuta ana komawa janareta, in lokaci ya kauce da yawa tantancewa da saba bata yiwuwa, shi yasa ake haɗa ta da NTP, wato sabis ɗin daidaita agogo ta intanet, tun ranar farko. Palo Alto ma da lokacin GMT suke lissafin ƙarewa, sha biyun darensu ƙarfe 1 na dare ne a Najeriya.

Bibiya

Dubawa sau ɗaya bata wadatarwa. Palo Alto na rubuta gargaɗi kullum a log ɗinta, wato rajistar abubuwan da ke faruwa a na'urar, in saura kwana 30, amma log ɗin da ba mai karantawa amfaninsa kaɗan ne, sai an tura shi imel ko syslog mai tattara log wuri ɗaya, ko a haɗa da manhajar sa ido irin Zabbix ko PRTG. Masu na'urori da yawa suna amfani da FortiManager na Fortinet ko Panorama na Palo Alto su ga duka a allo ɗaya. In akwatuna biyu ne aka haɗa dan ɗaya ta karɓi ɗaya, a FortiGate yawanci kowacce sai da nata lasisin, kar a sabunta ɗaya a manta 'yar uwarta.

Kwana 30 ɗin nan gaskiya basa isa a wajenmu. Da dala ake lissafin kuɗin, tun da aka saki naira a Yunin 2023 abinda aka sa a kasafi ba lallai ya kai ba, sai an nemi kotashin daga dila a Abuja ko Legas, a rubuta memo, fayil ya je odita ya dawo, oga yayi tafiya. Wata uku kafin ranar ya kamata a fara. Sai maganar asusu: sau da yawa ɗan kwangilar da ya kawo na'urar da imel ɗinsa yayi rajista, duk saƙon gargaɗi can yake zuwa, shi kuma ya gama aikinsa ya tafi. A mayar da rajistar kan imel ɗin ma'aikata wanda mutum biyu ko uku ke buɗewa, sannan a rubuta sariyal namba da ranar ƙarewa da sunan dila a takarda a manna jikin rak ɗin, wato kantar da na'urar ke ciki, dan ɗan bautar ƙasa da zai karɓi ɗakin sabar bayan wanda ya tafi ya gani tun ranar da ya shigo.