Faɗuwar Faransa a Hannun Jamus, 1940

Faɗuwar Faransa na nufin karyewar sojojin ƙasar a gaban Jamus cikin mako shida a Yaƙin Duniya na Biyu, da miƙa wuyan da ya jawo mata mamayar shekara huɗu.

Jamus ta kai farmaki ranar 10 ga Mayu, 1940. Faransa ta saki jiki da ganuwar Maginot da ta gina a gabas, ta tura gwanayen sojojinta Beljiyam, tana zaton ta nan maƙiya za su ɓullo. Sai ga tankokin Jamus sun ratso dajin Ardennes, sun haye kogin Meuse a Sedan ranar 13, zuwa ranar 20 har sun kai bakin teku, sun yi wa dakarun ƙawance na Faransa, Ingila da Beljiyam ƙawanya. Da ƙyar aka kwashe soja kusan 338,000 daga tashar jiragen ruwa ta Dunkirk, a arewacin Faransa, zuwa Ingila. Miliyoyin fararen hula suka nufi kudu, wasu a keke, wasu na tura amalanke da katifu a kai, jiragen Jamus na yi musu ruwan wuta. Ranar 14 ga Yuni Jamusawa suka shiga Paris ba tare da faɗa ba.

Gwamnati na da damar komawa Arewacin Afirka ta ci gaba da yaƙi, amma Marshal Pétain, wanda ya karɓi ragama ranar 16, ya zaɓi neman sulhu. An sa hannu ranar 22 ga Yuni a dajin Compiègne. Hitler ya sa aka fito da taragon jirgin ƙasan da Jamus ta miƙa wuya a cikinsa a 1918, don ramuwar gayya. Jamus ta riƙe arewa da gaɓar yamma, aka rage sojan Faransa zuwa 100,000, aka ɗora mata biyan faran miliyan 400 kullum don ciyar da masu mamayarta.

Abin da ya fi ciwo shi ne yadda gwamnatin Pétain da ke garin Vichy, a yankin da Jamus ba ta riƙe ba, ta zama hannun daman mai mamaya. 'Yan sandan Faransa ne da kansu suka kama Yahudawa fiye da 13,000 a Paris cikin Yuli 1942, har da yara dubbai. Kimanin 75,000 aka kwashe daga ƙasar zuwa sansanonin kisa, kaɗan ne suka dawo.

Sojojin Afirka da ke yi wa Faransa yaƙi ma sun ɗanɗana kuɗarsu. A Chasselay, kusa da Lyon, Jamusawa sun ware baƙar fata daga cikin waɗanda suka ajiye makami, suka karkashe su.

Ƙasashen renon Faransa kuwa suka rabu biyu. Gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bi Janar de Gaulle, wanda ya ƙi sulhun ya ci gaba da yaƙi daga Ingila, a Agusta 1940, Kamaru ta biyo baya. Nijar ta zauna ƙarƙashin Vichy har ƙarshen 1942, don haka iyakarta da Najeriya, da ke hannun Ingila, ta koma iyakar zaman doya da manja.

An kori Jamusawa daga Paris ranar 25 ga Agusta, 1944. A 1945 kotu ta yanke wa Pétain hukuncin kisa, de Gaulle ya mayar masa ɗaurin rai da rai.