Waiwaye: Yadda furojet ya zama dodo ga ɗaliban bayoloji a Jos

Zauna da ɗalibin bayoloji ɗan aji huɗu a Jos ka ambaci bincike, da wuya ya fara maganar tsiro ko ƙwaro. Kuɗin sinadarai zai lissafa maka, da fargabar ranar da zai kare furojet, wato binciken kammala digiri, a gaban malamai. Wasu na cewa lalacin yaran zamani ne. Ni ban yarda ba, domin tushen abin ya girme su.

Filato ba baƙuwar bincike ba ce. Tun 1924 ake gwaje-gwajen cututtukan dabbobi a Vom, ana haɗa rigakafin annobar shanu. Jami'ar Jos ta fara a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, ta tsaya da ƙafarta a 1975, lokacin da kuɗin mai ke shigowa.

Sai ga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. Naira ta faɗi, kayan ɗakin gwaji kuwa daga waje ake sayo su. Malamai da dama suka yi ƙetare, ɗalibai suka ƙaru. A jami'o'in ƙasar nan, abin da ya kamata yaro ya gani da idonsa a madubin ƙara girma ya koma zane a allo, sai hadda, sai jarrabawa. Wanda ya shekara uku a haka, ka ce masa ya ƙirƙiro tambaya ya nemo amsarta cikin 'yan watanni, ina zai kama?

Asusun harajin ilimi na 1993, wanda ya zama TETFund mai tallafa wa manyan makarantu a 2011, ya kawo gine-gine da kayan aiki. Amma halitta ba ta jiran kalanda. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022 ya ci wata takwas. Wanda ya shuka iri a tukunya ko ya zuba kifi don gwaji, me zai tarar? Wannan na ci mini rai ƙwarai.

Duk da haka, ɗalibin da ya yi horon sanin makamar aiki na SIWES a Vom, ko ya bi masu nazarin tsuntsaye na cibiyar APLORI cikin dajin Amurum da asuba, yakan dawo da tambayoyinsa na kansa. Sabuwar manhajar da hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta ƙaddamar a Disambar 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. A nan ne za a iya fitar da ɗan aji ɗaya daji don ya fara koyon bincike.