Janareta Ya Ƙi Tashi: Kafireta Ce Ko Mai Ne?

Tambaya: Injina yana tashi, amma da na mayar da cok sai ya mutu. Me ya same shi?

Amsa: Fetur ne ba ya isar masa. Aikin cok rage iska ne, to in inji ba ya tsayawa sai da shi, alama ce jet ya toshe. Jet ɗin nan ɗan ƙarfe ne mai huda kamar ta allura, yana cikin kwanon da ke ƙasan kafireta, wato inda fetur ke haɗuwa da iska. Ka rufe famfon mai, ka kwance kwanon, ka zaro jet ɗin ka wanke da fetur mai tsabta, ka hura. Kada ka soka masa allura ko waya. Hudar tana ƙara faɗi, daga nan inji ya kama shan mai kamar ba gobe.

Tambaya: Na wanke, bayan kwana biyu ya koma gidan jiya.

Amsa: To laifin tanki ne ko man da kake saye. Wasu masu kai inji wurin makaniki suna cewa a canza kafireta, alhali kafiretarsu lafiyarta ƙalau. Man bumburutu da ya kwana a jarka yakan zo da ƙasa, wani lokaci har da ruwa. Ruwa ya fi fetur nauyi, shi ya sa yake kwanciya a gindin tanki da cikin kwanon nan. Kwance 'yar ƙusar da ke ƙasan kwanon, ka tara man a kwalba mai haske, za ka ga ruwan ya ware a ƙasa. In tankin ya yi tsatsa, wanki goma ma ba zai hana toshewa ba sai an wanke shi. Haka injin ban ruwa da aka jingine tun ƙarshen noman rani da mai a ciki: fetur ɗin ya bushe ya bar danƙo. Kafin ka ajiye inji, rufe famfo ka bar shi ya shanye na kafireta har ya mutu da kansa.

Tambaya: Baƙin hayaƙi fa, ga fulogi yana yin baƙi?

Amsa: Mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Fara da soson iska, musamman da hunturu, ƙura ce ke cika shi. Idan ƙaramin janareta ne da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, duba awonka. Galibinsu 50 da 1 ne, wato mililita 20 na baƙin mai a lita guda ta fetur, ba a zuba da ka.

Tambaya: Yana aiki minti goma ya mutu, in ya huta ya sake tashi.

Amsa: Sassauta murfin tanki ka gwada. In ya ci gaba da aiki, hudar iskar murfin ce ta toshe, mai ya kasa sauka.